Gonar Babana da na cinye a sati ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bari, sai satin da ya wuce wata yarinya cikin waɗanda nake koya wa wasan golf ta tare ni bayan mun tashi tace "Anti ni fa na gaji da karɓar fanka da firji, firo nake so in zama." Wato ta gaji da kyautar kayan da ake ba wanda ya ci gasa, so take wasan ya zama sana'arta. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don kalmomin nan sak su na faɗa wa Babana wajen shekara goma da suka wuce, har yadda ta turo baki irin nawa ne. Shi ya sa nace bari dai in zauna in rubuta ko wata za ta amfana.

Ni 'yar Kaduna ce, a Unguwar Shanu aka haife ni a 1991, mu bakwai ne a gidanmu ni ce ta uku. Babana kadi ne, wato mai ɗaukar wa 'yan golf jakar sanduna. Na san da yawa a garin nan ba su ma san muna da filin golf ba, alhali tun 1921 yake nan tun zamanin Turawa, na Rayfield a Jos ma ya girme shi don shi tun 1913 ne. 'Yan jarida na ce mishi ƙwallon lambu, mu dai a fili golf muke cewa, a unguwa kuma sunanshi wasan masu kuɗi, kuma ba su yi ƙarya ba.

Aikin kadi ba ɗaukar kaya kawai bane. Jakar nan sanda 14 ake sawa a ciki, doka ce ba a wuce haka, a saɓa ta a kafaɗa a zagaya rami 18 a ƙafa, awa huɗu ko fiye cikin rana. Amma ainihin aikin a ido yake. Baba bai yi boko ko aji ɗaya ba amma in ya tsaya ya dubi tutar da ke kan ramin zai ce "ranka ya daɗe yadi 150 ne, iska na gabanka, ɗauki ayon shida", wato sandar ƙarfe mai lamba shida, kuma in aka auna haka ɗin ne. Manyan mutane masu digiri uku uku su tsaya suna jiran abin da zai ce. Da an gama wasa kuma ya koma talakanshi, a miƙo mishi abin da aka ga dama ya sa a aljihu ya yi godiya.

Sunan mahaifiyarshi aka sa min, don haka Uwata yake kirana, kuma ni ake aika in kai mishi abinci ranar Asabar da Lahadi. Ina 'yar shekara tara ko goma. In na kai sai in ƙi tafiya, in laɓe gindin bishiya ina kallon yaran kadi suna bugun ƙwallon goruba da wani karyayyen ayon bakwai da aka yanke aka naɗe mariƙinshi da robar tayar keke. Ranar da na karɓa na buga, gorubar ta tashi sama ta tafi tsaye, yaran suka yi tsit, ni kuma wani abu ya shiga jikina da har yau bai fita ba. Wanda bai taɓa samun ƙwallo a tsakiyar sanda ba ba zai gane ba, ba ka jin nauyin komai a hannu, ƙara kawai za ka ji ƙwas. Ashe Baba na bayana yana kallo. Bai ce uffan ba sai da muka kama hanyar gida yace "Uwata kar ki gaya wa Mamanki tukuna."

Ai kuwa ta ji, Kaduna ce. Maƙwabta suka kawo rahoto wai an ga 'yarta da sanda a tsakiyar maza, mace ta zama namiji, wa zai aure ta. Sati biyu ana rigima a gidanmu. Daga ƙarshe aka yi sulhu a kan sharaɗi uku: ba fashin islamiyya, ba fita sai da Baba, kuma ba zan taɓa sa ɗan guntun siket ɗin da ake gani a talabijin ba. Har yau da dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi ƙarƙashin hula nake wasa, kuma bai taɓa rage min yadi ɗaya ba, wannan don masu tambaya ne.

Da damina mukan shiga ciyawa mu tsinto ƙwallayen da suka ɓace wa manya, mu wanke da Omo mu sayar musu da abinsu, da kuɗin nake sayen littafin makaranta. Da sassafe kafin kowa ya fito Baba ya kan tsaya da ni minti talatin, bai iya dogon bayani ba, abu ɗaya yake ta maimaitawa, "kar ki ɗaga kai, ƙwallon ba zai gudu ba, ni zan duba miki inda ya faɗi." A haka wata Hajiya likita ta gan ni, Allah ya saka mata da alheri ya ji ƙan iyayenta, ta ba ni tsohon set ɗin sandunanta, ta biya min rajista, ta sa ni a motarta zuwa Jos a 2006 gasata ta farko. Na zo ta biyu a rukunina aka ba ni fanka mai tsayuwa, na rungumo ta tun daga Jos har Kaduna ko ajiyewa ban yi ba.

Bari in ɗan yi bayani don a gane inda matsalata ta faro. 'Yan golf kashi biyu ne, akwai amaca masu yi don sha'awa, akwai firo waɗanda shi ne sana'arsu. A lokacin doka ta hana amaca karɓar tsabar kuɗi in ya ci gasa, sai dai kaya. Kuma amaca da handikaf yake wasa, wato bugun da ake yafe maka gwargwadon ƙarfinka, in fili bugu 72 ne ƙa'idarshi kai kuma kullum 90 kake yi to handikaf ɗinka wajen 18 ne, iya ƙwarewarka iya saukar lambar. Ni na fara daga sama da 30, ina shekara 22 na sauko 3. Zariya, Kano, Jos, filin IBB na Abuja, Ibadan, Benin, Ikoyi a Legas duk na buga, kuma da wuya in dawo hannu rabbana. Gidanmu ya koma kamar shagon kayan lantarki, firji biyu, talabijin, janareto, dutsen guga har huɗu. Mama da ke cewa wa zai aure ni ita ce ta koma tambaya "wannan karon me suka sa wa ta ɗaya?" Sai ta kira dillaliya a sayar a biya wa ƙannena kuɗin makaranta.

A nan kaina ya fara girma. Na shiga Poly ina difloma, a shekara ta biyu na watsar, wai gasa na cin karo da jarrabawa. Ba wanda ya kore ni, ni na daina zuwa. Ina zama ina kallon matan Amurka da Turai a talabijin, na haddace labarinsu kamar karatun allo, Annika Sorenstam da ta yi bugu 59 a zagaye ɗaya a 2001, Lorena Ochoa 'yar Meziko da ta ajiye wasa a 2010 tana ta ɗaya a duniya tana shekara 28 kacal. Ga labari ya zo golf zai dawo Olamfik a 2016 bayan rabonshi da ita tun 1904. Wadda ta fi tsaya min a rai Maha Haddioui ce 'yar Maroko, musulma 'yar Afirka tana buga gasar matan Turai, nace to ni me ta fi ni. Kifin rijiya kenan, na ci matan Najeriya 'yan ƙalilan da ke wasan na ɗauka na ci duniya.

A 2015 wajen liyafar raba kyauta wani Alhaji mai kamfani ya miƙe gaban jama'a ya karɓi makirfo yace shi ya ɗauki nauyina, in zama firo kawai, tikiti da otal da koci duk a wuyanshi har Turai. Aka yi ta tafi ana ɗaukar hoto. Ko takarda ɗaya ba a rubuta ba, ni ma ban tambaya ba, a ganina rashin kunya ne ka ce wa babban mutum ya sa hannu.

Daren nan na sami Baba a ƙofar gida kan tabarma yana jin rediyo, na faɗa mishi maganar fanka da firjin nan. Ya rage muryar rediyon ya daɗe bai yi magana ba. Sannan yace "Uwata, shekarata talatin da wani abu a filin nan, na ɗauki jakar masu alƙawari da yawa. Mutum in ya ci wasa ya sha lemo mai sanyi babu abin da ba ya faɗa. Firo maza nawa kika sani da ke bin mambobi suna roƙon kuɗin mota? Su da suke da gasa kenan. Ke da wa za ki buga? Kar ki saki reshe ki kama ganye." Nace Baba kai dai ba ka so in wuce inda ka tsaya ne. Allah ya yafe min, haka na faɗa wa mahaifina. Bai ce komai ba ya ƙara muryar rediyonshi.

Na je gwajin shiga sahun ƙwararru na ci, na sa hannu, aka buga hotona. Sai da wata uku suka wuce na gane abin da Baba ke nufi. Gasannin mata da nake ci duk na amaca ne, ranar da na zama firo ƙofarsu ta rufe min. Gasar firo ta mata zalla kuwa ina zan gan ta, mu nawa ne gaba ɗaya a ƙasar. Abin da ya rage in shiga ta maza, in buga daga inda suke bugawa can baya. Ni in na sami direba da kyau, sandar dogon bugu nake nufi ba na mota ba, yadi 230 nake kaiwa, su kuma suna 290 zuwa 300, kenan kowane rami ina riƙe da doguwar sanda su suna riƙe da gajera. Kuma gasar firo akwai yanka, bayan rami 36 a zubar da na ƙasa, wanda aka zubar ko sisi babu, alhali ya biya kuɗin mota da masauki da kadi da abinci daga aljihunshi. A 2016 gasa biyar na shiga, sau ɗaya na tsallake, abin da na samu ko kuɗin otal bai mayar ba. Da ina dawowa da firji, yanzu ina dawowa da bashi.

Alhaji ya ba ni dubu ɗari uku da farko, gaskiya ya bayar ba zan ci haƙƙinshi ba. Sai tattalin arziki ya karye a shekarar, dala da ake samu ƙasa da naira 200 a banki ta doshi 500 a kasuwar bayan fage kafin ƙarshen shekara. Ya fara da "ina mitin", ya koma "zan kira ki", ya koma ba ya ɗauka. Na sha zaman benci a ofishinshi tun safe har la'asar, sakatare na kallona kamar mai bara. Na gwada wasu, ɗaya daga ciki yace in same shi a masaukinshi da dare mu tattauna, daga ranar na daina bin ofisoshi.

Hanya ɗaya ta rage. Gasar matan Turai na yin gwajin neman kati duk ƙarshen shekara, a lokacin a Maroko ake yi, in ka ci ka sami damar buga gasanninsu shekara guda. Na lissafa kuɗin rajista da tikiti da masauki da kadi, duk da kuɗin waje, na ga ko duk kayan lantarkin gidanmu aka sayar ba za su kai rabi ba. Na kwanta ɗaki na daina cin abinci sosai, ban roƙi kowa ba amma kowa na gidan ya san abin da ke damuna.

Wata Juma'a Baba ya tafi ƙauyenmu wajen Giwa ya kwana biyu. Da ya dawo ya kira ni ɗakinshi ya tura ƙofa ya ɗauko baƙar leda daga cikin babbar riga ya ajiye gabana. Gonar da ya gada wajen mahaifinshi ya sayar, wadda duk kaka ake kawo mana masara daga cikinta mu ci har wata kakar. Mutumin da ya hana ni, wanda na gaya wa baƙar magana. Na fashe da kuka nace Baba ba zan karɓa ba, yace "an riga an yi shaidu. Tunda kin shiga ruwa sai ki haye, ba na so ki tsufa kina cewa da na je. Je ki gani da idonki." Ya kamata in mayar, na sani. Amma wallahi a ƙasan kukan nan murna nake yi, wannan ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Na je na gani kuwa. Sanyin safiya kamar tsakiyar hunturun Jos, yatsuna ba sa lanƙwasuwa. 'Yan mata daga Sifen da Faransa da Suwidin da Indiya, wasu ba su kai shekara 20 ba, kowace da kocinta ko babanta da na'urar auna nisa da littafin da aka zana kowane tudu da gangaren fili, ni kuma da sandunan da suka kusa shekara goma da takalmi ƙafa ɗaya. Kadin da na ɗauka ba ya jin Turanci, nace to ga ranar larabcin islamiyya, ashe nasu larabcin daban ne ga Faransanci a ciki, muka koma nuni da hannu kamar kurame. Amma abin da ya kashe ni girin ne, wato lallausar ciyawar da ramin ke tsakiyarta. Mu a gida mun saba da mai nauyi, wasu filayenmu ma yashi ne da aka gauraya da mai ake sharewa kafin a buga, sai ka doki ƙwallo da ƙarfi. Can kuwa kamar kan tayil, ka taɓa kaɗan ya wuce ramin da yadi uku, ka dawo ya sake wucewa. Ranar farko na yi 83, ta biyu 80, ta uku 86, sauran ba sai na faɗa ba. Sunana na can ƙasan allo, sai ka sunkuya za ka gani.

Na kira Baba daga ɗakin otal na kasa magana. Yace "Uwata kin yi sallah?" nace eh. Yace "fotin nawa kika yi yau?", wato ɗan bugun da ake gangara ƙwallo zuwa rami a kan girin, nace 39. Ya yi 'yar dariya yace "to ai ba bugu ne ya kashe ki ba, ciyawarsu ce ba ki sani ba, da ina wurin da na karanta miki ita. Dawo gida." Shi kenan abin da ya faɗa.

Na sauka Abuja na hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, lokacin bai fi wata biyar da fara aiki ba, na zauna a tasha da gangan sai da duhu ya yi sannan na hau Keke don kar 'yan unguwa su gan ni. Ina sallama yayana yace "a'a mutanen Turai an dawo, ina gonar tamu?" Mama ta daka mishi tsawa amma ita ma ba ta kalle ni ba. Shekarar 2017 muka fara awon masara da mudu a kasuwa, abin da ba mu taɓa yi ba, kuma duk ranar da aka aiki yaro awo sai in ji kamar da ni ake.

Cikin damina ta shekarar Baba ya faɗi bayan sallar asuba, hawan jini, ɓarin jikinshi na dama ya shanye. Ga kuɗin asibiti ga magani ga gashin ƙashi, abin da ake sayarwa ranar irin wannan kuma na riga na kai shi Maroko. Na sayar da direbana da jakata, firji ɗaya ya tafi, janareto ya tafi, abokan aikinshi kadi suka yi karo karo, wasu mambobi da ya yi wa hidima suka taimaka Allah ya biya su. Wata 14 ya yi a kwance, ni nake ba shi koko a baki. Kuma ko sau ɗaya, ko da wasa, bai ambaci gonar nan ba. Da ya zage ni da na sami sauƙi. Bakinshi ya karkace magana ba ta fita sosai amma in na shigo sai ya ɗaga hannun hagu ya kwatanta bugu, wai na je fili yau? Sai in ce eh alhali ƙarya nake. Ya rasu ƙarshen 2018, Allah ya ji ƙanshi ya sa Aljanna ce makomarshi.

Dalilin ƙaryar shi ne wani ciwo ya kama ni da ban san sunanshi ba a lokacin. In ƙwallo na nesa da rami lafiya lau, amma da ya rage taku ɗaya, wanda yaro ɗan shekara biyar zai jefa, sai hannuna na dama ya fizge da kanshi kamar an ja min wutar lantarki. Ramin nan faɗinshi inci huɗu da kwata ne a ko'ina a duniya, ni sai in gan shi kamar bakin kwalba. Mama tace jifa ne, aka yi rubutu aka yi tofi na sha na shafa, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Daga baya na karanta ashe sananniyar cuta ce a wasan, Bernhard Langer na Jamus ya yi fama da ita ba sau ɗaya ba kuma ya dawo ya ci manyan gasa. Wasu da doguwar fota, wato sandar fotin, suke maganinta su jingina ta da ƙirji, to an hana jinginawar tun farkon 2016. Na sauya riƙo, na sa hannun hagu a ƙasa, na rufe ido, duk a banza. Hajiya likita ce ta zaunar da ni tace "'yata hannunki lafiyarshi ƙalau, ciwon damuwa ne ke cin ki, duk ƙwallon da kika tsaya a kai gona kike gani." Ta haɗa ni da likitan da ya dace na yi wata shida ina zuwa. Ina faɗar wannan ne don mu Hausawa in an ce likitan ƙwaƙwalwa sai a ce hauka, ni dai na je kuma na sami barci.

Na bincika ko zan koma amaca, aka ce sai na rubuta takardar nema na zauna wani lokaci ba gasa kafin a duba, girman kai ya hana ni. Na ajiye wasan gaba ɗaya na koma sayar da turaren wuta da atamfa, in Keke zai bi ta hanyar filin sai in ce ya sauya hanya.

Kullen korona na 2020 ne ya dawo da ni, kun san yadda aka rufe mu a Kaduna sama da wata biyu. Yaran gidanmu da na maƙwabta sun ishe mu da ƙiriniya, sai na haƙa rami a tsakar gida na binne gwangwanin madara na ɗauko tsohuwar fotar Baba, ita kaɗai ce ban sayar ba, nace kowa ya jefa sau uku yana da alawa. Ina nuna wa wata ƙaramar yarinya yadda ake tsayuwa, nace kalli nan, na buga ya faɗa, na sake ya faɗa, sai a na biyar na farga hannuna bai motsa ba. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Na lura in don kaina nake bugawa hannun na fizga, in nuna wa wani nake yi ba ya yi.

Da aka buɗe gari na koma fili a matsayin mai koyarwa, kuma a nan na tarar da kasuwar da tun farko tana gabana ban gani ba. Akwai Hajiyoyi da yawa da ke son wasan, wasu likita ne yace su riƙa tafiya saboda suga da hawan jini, amma ba za su yarda namiji ya kama musu hannu ko kafaɗa yana gyara tsayuwa ba, mazansu ma ba za su yarda ba. Da aka ji akwai mace firo sai waya ta fara shigowa. Takardar nan da na sa wa hannu a 2015 da ta rufe min ƙofar gasa, ita ce ta ba ni damar karɓar kuɗin koyarwa. Ina haɗawa da sayar da safar hannu da ƙwallaye da sanduna na gwanjo. Na yi aure a 2021, mijina malamin makaranta ne bai san komai a golf ba kuma ba ya so ya sani, muna da 'ya ɗaya. Na koma na ƙarasa diflomar da na watsar, ina aji da sa'o'in ƙannena. Fizgar hannun ba ta tafi duka ba, in na shiga gasa har yanzu takan leƙo musamman a ramukan ƙarshe, na dai daina jin kunyarta.

Ranar Asabar da safe kuma 'ya'yan kadi da yaran unguwa nake koya wa kyauta, mata sun fi yawa, cikinsu har da wannan da ta ce min ta gaji da fanka. Shekararta 17, handikaf ɗinta 5, kuma tsakani da Allah ta fi ni bugu lokacin da nake sa'arta. Ban ce mata kar ta yi ba, don na san yadda kunne ke toshewa in an ce kar. Ita ma ta kawo min misalin Georgia Oboh 'yar Najeriya da ta kai har tana buga gasar matan Turai, nace gaskiya ne ana kaiwa. Sai na ba ta biro da takarda nace rubuta min gasa nawa za ki buga a shekarar farko da inda za a yi su, Afirka ta Kudu ce ko Maroko ko Turai, nawa ne tikiti, nawa ne masauki, wa zai biya, kuma ya sa hannu ko a makirfo ya faɗa. Nace akwai jami'o'in Amurka da ke ɗaukar 'yan mata karatu kyauta saboda golf, amma amaca suke nema mai sakamakon jarrabawa mai kyau, ranar da kika sa hannu kin yi sallama da wannan. Na tambaye ta sau nawa ta taɓa buga girin mai gudu, tace sau biyu a Abuja. Daga ƙarshe na tambaye ta me babanta ya mallaka, tace Keke Napep ɗaya. Nace to ki sani in kika kwanta ɗaki kika daina cin abinci zai sayar, ba zai gaya miki ba sai an yi shaidu.

Gonar kuwa na je ƙauye bara na sami wanda ya saya, yace ba zai sayar duka ba kuma kuɗin ya ninka ba sau ɗaya ba, da ƙyar da sa bakin mai gari ya yanka min gefen da ke wajen tsamiya, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, ina biya kaɗan kaɗan saura biya biyu. Bana an kawo buhu huɗu na masara, na sa aka sauke a ɗakin Mama, yayana ne ma ya kama aka shigar.

Yarinyar ba ta zo ba ranar Asabar. Jiya da yamma sai ga ta, gaisuwar ma ciki ciki, ta miƙo min takardar a ninke ta wuce ta ɗauki fota ta tafi girin ita kaɗai. Na buɗe, ta rubuta kuɗin tikiti ta rubuta na masauki, wajen wa zai biya ta bar shi fari.